Rasuwar Mummo, Motar Tseren Ƙauyenmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Reijo Hakala, mai karanta wa direba hanya a ƙungiyar tseren daji ta ƙauyenmu, nake sanar da rasuwar motarmu, wadda kowa ke kira Mummo, wato kaka. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a kwana ta tara ta hanyar tsere, bayan injin katako, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiya mota ɗaya ce, amma halinta uku. A kan ƙanƙara, in an sa mata tayoyi masu ƙusa, yarinya take komawa: ta wurga baya gefe, ta fito daga kwana tana "gurrr, tau-tau!" A kan tsakuwa sai da lallami, ka juya sitiyari tun kwanar ba ta iso ba. A kwalta kuwa ba ta yafiya. Ka makara da birki, ta tona maka asiri a gaban jama'a. Direba shida suka zauna a kujerarta, ba wanda ta bi ra'ayinsa, su suka koyi nata.

Ta rasu ta bar tayoyin hunturu huɗu da tabon baƙin mai a ƙasan gareji. Ta bar Pentti, shugabanmu kuma bakanikenta, wanda ya sauke injinta sau uku da hannunsa. Ta bar direbarta ta ƙarshe, Tuuli Rasi, da karaya a kafaɗa.

Ba ta yi jinya ba. Dutse ne ya tare ta, ta yi "ƙwaram!" ta juya sau biyu, ta kwanta a kan rufinta. Injin ya ja numfashi, "tik, tik", ya yi shiru.

A nan sanarwa ta kamata ta tsaya, amma da saura.

Tuuli a kan ƙanƙara ta yi suna, wannan ne tserenta na farko a tsakuwa. Da aka jawo gawar gareji, Pentti ya ce a gaban kowa, "Ƙanƙara ta iya, shi ke nan. Tsakuwa ba wasan yara ba ce. In mun samu wata mota, wani zai tuƙa." Ba wanda ya musa. Ina tsaye a wurin, ni ma ban musa ba.

To, ga abin da ya faru. Ranar duba hanya kafin tsere mun makara, na ce mu tsallake wannan zangon, ai ina da rubutun bayanin hanyarsa tun tseren Fabrairu.

"Kawu Reijo, ka tabbata?" in ji Tuuli.

"Ke yarinya, tun ba ki yi haƙori ba nake bin hanyar nan."

A Fabrairu ramin gefen kwanar nan cike yake da ƙanƙara mai tauri, mota na bi ta kai lafiya lau. Shi ya sa na rubuta "dama, yanke ta ciki". A Yuli babu ƙanƙara, sai ciyawa, a cikin ciyawar kuma dutse kamar murhu. Na karanta mata rubutun hunturu a tsakiyar bazara. Ta yanke, domin direba ba ya gardama da muryar da ke kunnensa.

Muna rataye cikin motar kai a ƙasa ta ce, "Tsoho, kana da rai? To rufe bakinka. Ni zan samu wata kujera. Kai in sun kore ka, gidan wa za ka dosa?"

Kwana tara na rufe bakina. Ba ta samu wata kujerar ba, ba kuma za ta samu ba muddin ana cewa ita ta kashe Mummo. Pentti, ba ita ba ce. Ni ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauko gawa daga gareji, a bi da ita ta gaban coci a hankali, zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Bayan nan akwai kofi da burodi mai zaƙi a gidan Pentti, in har zai bar ni in shiga.

Ba a buƙatar furanni. Roƙona biyu ne. A cire sitiyari a miƙa wa Tuuli, ta riƙe har sabuwa ta zo. Kujerar dama kuwa, tawa, kada kowa ya kwance ta. A bar ta a ciki, a tafi da ita.