Layin Duwatsun da Na Miƙe

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na yi wa duwatsu tarbiyya ba, kuma ban ce kowa ya tausaya mini ba.

Wani ƙauye ne can bayan gari da mutanensa suka killace daji: ba sara, ba kiwo, ba farauta, kowa aikin sa kai yake yi. Isufu direba, maƙwabcina a Zongo, shi ya ja ni. Ni mai sayar da yadi ne, ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma ina son tsari. Ko takalman ƙofar masallaci na gani a hargitse sai na jera su.

Muna isa na ga abin takaici. Sun jera duwatsu a gangare don tare ruwa, kusa da su ga ƙananan itatuwan da matan ƙauyen suka yi rani suna ɗauko wa ruwa a ka. Amma layin ya karkace kamar tafiyar maciji. Da aka tafi cin tuwo na ƙi bin su. Da farko na kafa turaku a ɓangaren da aka ba ni, sannan na ja igiya, sannan na kwashe duwatsun na miƙe su sak. (Har gyara hula na yi ina jiran yabo.)

Kafin la'asar hadari ya haɗu. Muna fake a rumfa, a kan idon kowa, ruwa ya taru a kwarin layina, ya fasa, ya yi awon gaba da itatuwan. Ashe karkatar nan kwanciyar ƙasa take bi. Ni igiya na bi.

Tsohuwar da ke shugabantar matan, Yaaba suke kiranta, ta dube ni ta ce da yaren Mosi, "Ɗan birni, ƙasar tamu atamfa ce?"

Isufu ya raɗa mini, "Malam, shiga mota tun da sauran mutunci."

Na ce, "Ba inda za ni. Layina ya fi nasu kyau, ko a gaban alƙali."

Isufu ya nuna sama ya ce, "Ai alƙalin ya sauko, ya yanke."

Ban gudu ba. Na tuɓe babbar riga na shiga taɓo ina tsintar abin da ya rage. Yaaba na nuni da sanda, ni ina mayar da duwatsu a karkace, raina na ƙuna. Ranin da ya biyo, duk Lahadi ina can da bokiti a ka, a tsakiyar mata, ina shayar da sabuwar shuka.

Har gobe ina kan bakana: miƙaƙƙen layi ya fi kyau. Sai dai na koyi abu guda. In ka ga gari guda sun yi abu a karkace, akwai wanda suke tsoro, kuma ba kai ba ne.