Jakina da Surukan Kwamiti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Dokar Ɗaure Jakuna a Kasuwa,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa irin ta talaka, gwiwa biyu a ƙasa, ni ne Gwadabe na Balan, mai jakin nan da aka kama a kasuwar Ajingi tun kaka. An ce zai zauna ɗaure a bayan ɗakin taronku har ku yanke ko inda na ɗaure shi laifi ne. Ga damina ta matso, takina na jibge a ƙofar gida. Ban zo ƙorafi ba, wane ni. Tambaya ce kawai.

Na ɗaya. Na ji kai da Alhaji Tukur, wanda ya kawo dokar, surukai ne. In ya miƙe sai ka sunkuyar da kai, in ka yi gyaran murya sai ya ɗauki takalmansa ya fice. Kunya ado ce, amma yaushe ɗayanku zai ji ƙarshen maganar ɗaya?

Na biyu. Ɗan kwamitinku Malam Goni Babarbare ne, Alhaji Tukur kuwa Bafillace. Duk abin da Alhaji ya kawo sai Goni ya ce bawansa bai isa ya kafa masa doka ba. A sheƙe da dariya, a yi fatiha, a watse. Shin jakina ma abokin wasansu ne?

Na uku. Magatakarda ɗanka ne na fari. Ba ka kallonsa, balle ka kira sunansa ka ce ya rubuta. Allah ya ƙara tarbiyya.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Tunda baki bai haɗuwa da baki, ra'ayin kowane wakili sai ta hannun Iya Hanne mai fura yake isa gidan ɗan'uwansa. Ita kuwa tun ranar da wani jaki ya yi ƙwallo da ƙwaryarta take fatan a kore su daga duniya. Wa ya zaɓe ta?

Roƙona ɗaya ne. In ba za a saki jakina ba, a shigo da shi a ba shi kujera. Bai taɓa fashin zama ba, ba surukin kowa ba ne, kuma in ya buɗe baki kowa na ji. Taki kuwa gobe zan fara kai shi gona da kaina, mangala a wuya.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Gwadabe Balan,
Muƙaddashin jaki.