Famfon Wankan Baba da Maƙwabtanmu na Sama

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ɗumi-Daidai, gwanin sasanta ruwan zafi da na sanyi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ranka ya daɗe ya fito daga wankan yau da fatarsa cikakkiya. Ni ke yi wa mahaifina wanka tun da ɓarin jikinsa ya daina aiki. Yayana ya sa mana famfonku, wanda takardarsa ta ce da kansa yake riƙe ɗumi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma wata biyar ke nan ina tsayuwa gabansa.

Na ɗaya. In na murɗa shi rabin zagaye, ruwa kamar daga firji. In na ƙara faɗin farce, sai ya koma na figar kaza. Ranka ya daɗe, a wane ofishi kuka ajiye tsakiyar?

Na biyu. Ba ya amsawa sai na ƙirga bakwai. Kafin nan na ƙosa na sake murɗawa, sai ya haɗa duka biyun ya sauke a gadon bayan Baba. In na komo da sauri, ya zarce can. Haka muke ta lilo, tsoho na salati.

Na uku. Benenmu hawa huɗu ne, bututu ɗaya. Da na samu daidai, sai telan sama ya ja ruwan bayi, ko matar direba ta fara wanke-wanke, ɗumin ya sauya nan take. Wa zai sanar da ni? Injiniyanku ya zo da azahar, maƙwabta duk sun fita, ya tsoma yatsa ɗaya, ya rubuta lafiya lau. Allah Ya ƙara masa ilimi.

Na dai koyi dabara: murɗi kaɗan, jira, hannuna gaba da jikin Baba, kunnena a bututu. Tara cikin goma ina dacewa. Na goman ne ya sa yau kwana shida Baba ya ƙi shiga banɗaki, jibi kuma likita zai duba shi.

Roƙona ƙarami ne: a ƙara wa famfon marfi na biyu, mai murɗa maƙwabta. Kafin ya iso, na sayi bokiti, kuma ɗazu Baba ya tsoma yatsa ya gyaɗa kai. Famfonku kuwa na rataya masa tawul, kuma tun safe yake riƙe da shi daidai, yadda takarda ta yi alkawari.

Naka mai biyayya har fata ta warke,
Autan Baba, hawa na biyu