Tambarin Jarumai da Ruwa Ya Kawo

Duk kwarin Rumbur babu masani kamar Mashar Beg, shi da bakinsa ya tabbatar mana. Shekara biyu ya yi a Peshawar yana gadin shagon kayan tarihi, ya dawo da tabarau da sanda, alhali idonsa garau, ƙafarsa lafiya lau. Da yake ba mu da rowar suna, muka laƙaba masa Rumbun Tarihi. Ya ji daɗi har ransa.

Abu ɗaya ke ci masa rai. In mawaƙi ya tashi jera zuri'o'i a Joshi, bikinmu na bazara, tsallake gidan su Rumbu yake yi, don kakansa bai taɓa yanka ko ɗan akuya ya ciyar da gari ba. Rumbu ya rantse bana sai an ambace shi.

Sai ambaliya ta yi masa gata. A ƙasan gari, bakin rafi, ya tsinci wani tsohon katako mai sassaƙa: zobe ɗaya, layi biyu sun rungume shi. Ya sumbace shi, ya saɓa a kafaɗa, ya sa masassaƙi ya kwafa masa zanen a ƙofar gida da kujerar zamansa.

Ranar biki ya tara maza a ƙofar nan, ya jingina katakon a gabansu, ya yi gyaran murya sau uku.

"Jama'a, zoben nan rana ce. Layukan nan ƙahonin bunsurun dutse ne, dabbar tsarki. Tambarin jarumai ke nan! Rundunar Sarki Iskandar ta zo da shi, kakana na goma sha huɗu shi ya riƙe musu doki. Ku taɓa, ku sami albarka."

Dattawa suka taɓa, suna gyaɗa kai. Babu wanda ya taɓa ganin abin, amma babu mai so a ce bai sani ba. Har mawaƙi ya fara laluben kirarin da zai dace.

Sai ga tsohuwa Zarmas, ungozomar gari. Ta tsaya, ta ƙura ido, ta yafito matan gari. Dariya ta ɓarke, wata har da zama a ƙasa.

"Iya, ana maganar ilimi nan," in ji Rumbu.

"Ilimi? Ɗan nan, wannan ai ginshiƙin bashali ne, ɗakinmu na haihuwa, ruwa ya tafi da shi. Alamar Dezalik ce, allahiyarmu mai sauke masu ciki. Zoben kan jariri ne. Layukan kuwa, to, ba ƙaho ba ne dai. Shi uwarka ta ƙanƙame tana ihu ranar da ka zo duniya."

A al'adarmu, namiji ko bangon bashali ya shafa, ba ya kusantar wurin bauta sai an tsarkake shi. Dattawa suka watse suna goge hannu a riga, mawaƙi ya haɗiye waƙarsa.

"A wata fassarar," in ji Rumbu, "masana sun ce..."

"Ba komai, tunda ka kafa alamarmu a ƙofa mun ji kira." Zarmas ta dubi tumbinsa sama da ƙasa. "Wata nawa ne? In naƙuda ta tashi, a aiko."