Bushiya da Tunkiya a Inuwar Bedi

Ko na manta komai na lakol ɗinmu, wato makarantarmu ta Cadawa, ba zan manta ranar da aka sa ni tarbar baƙuwa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kowa ni ya ɗora wa laifi.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta 'yan mata. Rabi ce ta kafa ta, bayan ta ga a wayar yayanta yadda wasu mutane a ƙasashen waje suke taruwa cikin shigar dabbobi, kowa da dabbar da ya tsara wa kansa. Sai muka kwaikwaya da kwali da buhu da tsumma. Rabi, ba sai na faɗa ba, ita ce Zaki (gezarta ta zaren rama ce, kuma tana tafiya kamar ita ta gina lakol ɗin). Ni kuwa Bushiya na zaɓa, don ita ce dabbar da ake bari ta zauna a gefe ba mai taɓa ta.

Da aka koma karatu bayan damina, aka kawo mana wata sabuwa daga Gidan Rumji, sunanta Zulai. Ba ta san kowa ba. Na lura ko a lokacin hutu ba ta tashi daga benci, sai ta yi ta murza bakin hijabinta. Rabi ta ce tunda mu biyun duk kurame ne, ni zan taya ta tsara dabbarta. Na ji haushin maganar, amma a raina na yi murna. Ban taɓa yin ƙawa tawa ni kaɗai ba.

Zulai ta ce tunkiya take so, kuma ba kowace tunkiya ba, uda irin ta gidan kakanta, gaba baƙi baya fari. Muka farke wani tsohon matashi, muka ɗinka audugar a jikin buhu, muka shafe rabinta da gawayi. Ta yi kyau ƙwarai. Tawa rigar ce matsala. Ƙayoyina na tsinken tsintsiya ne, kullum zubewa suke, har Rabi ta taɓa cewa na fi kama da kazar da ruwa ya doka. Don haka na bi gefen gona na tsinko ƙarangiya cike da leda, na manne ta a buhuna gaba da baya. Ban gaya wa kowa ba. So nake a gani a yi mamaki.

Ranar taro muka jeru a inuwar bedi, wato dogon yaro. Aka kira Zulai tsakiya, kowace dabba tana zuwa ta gaishe ta. Sai Rabi ta ce a bidiyon da ta gani rungumar baƙo ake yi, don haka wadda ta tsara mata riga ita za ta fara. Na buɗe baki zan yi bayani, muryata ta maƙale (kamar kullum). Na ja da baya. Rabi ta ce, "Ke dai kin cika noƙe-noƙe," ta sa hannu biyu ta tura ni.

Ƙarangiya ta haɗu da auduga.

Na ja, Zulai ta biyo ni. Ta ja, na bi ta. Gawayinta duk ya koma fuskata. Rabi ta zo raba mu da ƙarfi, gezarta ta kama a bayana, muka zama uku. 'Yan mazan da ke ƙwallo suka bar ƙwallon suka zagaye mu, ɗaya yana kukan tunkiya, wani yana tambaya ko a kira mahauci. Ita kuwa Zaki sai ihu take a kunnena wai na lalata mata taro. Ni! Wa ya tura wa?

Abin da ya fi damuna Zulai ce. Na ce shi ke nan, ba za ta sake kallona ba. Sai na ji ta ce a hankali, "Tsaya cak, kar ki ja. Tumakinmu ma haka suke dawowa daga kiwo." Ta lashi yatsunta don kada ƙayar ta kama su, ta shiga cire mana ɗaya bayan ɗaya. Ta Rabi ta bari sai ƙarshe, kuma na lura ba ta yi sauri ba.

Har yanzu ni da Zulai ana kiranmu Tagwaye, kuma benci ɗaya muke zama. Rabi ta kafa doka cewa Bushiya daga nesa ake gaishe ta, tana faɗa kamar ita ta gano hakan. Ni dai abin da na koya shi ne, ƙaya ba ta yi wa mai kunya bayani. In ba ki so a taɓa ki, ki buɗe baki ki faɗa tun kafin Zaki ta tsaya a bayanki.