Ranar da Na Kai Labarin Kwango Argungu

Ba zan taɓa mantawa da gaisuwar surukaina ta farko ba, ko da na so mantawar.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ni kuma sabon malamin firamare ne a Birnin Kebbi, ina da farin wando guda ɗaya da ra'ayi a kan komai. Maƙwabcina a unguwar Nassarawa, Bitrus, akawu ne daga wajen Jos, yana da akwatin rediyo. Kullum da la'asar ina ƙofar ɗakinsa. Abin da na ji rabi, sai in cike sauran rabin da kaina, washegari in kai wa mutane a bakin kasuwa. Har aka sa mini suna Malam Duniya (ni a zatona yabo ne).

Ina neman wata yarinya 'yar Argungu, Kulu, da take zaune wurin gwaggonta a unguwarmu. Da magana ta yi ƙarfi, aka ce in je in gaida iyayenta. Kawuna Bawa ya raka ni. Tun a cikin mota, kafin mu wuce Ambursa, yake ja mini kunne.

"Ka ga, gidan surukai za ka. Ka sunkuyar da kai. In an tambaye ka, ka ce lahiya lau. Shi ke nan."

Na ce to.

Mahaifin Kulu, Malam Ɗantani, masunci ne, dattijo marar yawan magana. Mun same shi a zaure yana gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi. Aka gaisa, na durƙusa, na yi duk abin da aka koya mini. Har Kawu ya fara sakin jiki. Sai dattijon ya ce, idonsa a kan zaren da ke hannunsa:

"Malam, an ce kana jin rediyo. Wanga yaƙi na Kwango da aka kai sojanmu, mi ake hwaɗi?"

Kawu ya taka mini ƙafa. Na ji sarai. Amma an taɓo ni inda nake so, ga surukina da kansa yana neman ilimi a wurina. Na gyara zama.

Na ce ai Baba, wannan ba yaƙinmu ba ne. Na ce manyanmu sun karɓi mulki jiya, yau sun kwashi 'ya'yan talakawa sun kai su daji don su burge Turawa. Dattijon ya gyaɗa kai, ni kuma na ɗauka ya gamsu ne, sai na ƙara wuta. Na ce duk wanda ya bar ɗansa ya shiga soja a wannan zamani, da hannunsa ya miƙa shi. Na ce can ba a ma binne gawa, a kogi ake zubawa, kadoji su cinye. (Wannan ba daga rediyo na ji ba. A zauren nan na ƙirƙiro shi, don na ga masunci ne, na ce zancen kogi zai fi shiga.)

Daga bayan bangon zaure muka ji ƙwarya ta faɗi. Fura ta gangaro ta ƙarƙashin asabari har ta taɓa tabarmar da muke kai. Ba a yi kuka ba, ba a yi magana ba, sai sawun mutum yana komawa cikin gida a hankali.

Malam Ɗantani ya ajiye komar. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya tashi ya shiga ciki.

Kawu ya juyo ya dube ni. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗanshi na hwari yana can. Tun damina ba su ji ɗuriyarshi ba."

Ashe shi ya sa dattijon bai ambaci sunansa ba, kunyar ɗan fari. Tambayar da ya yi mini ita ce iyakar abin da bakinsa zai iya. Wadda ta yar da ƙwaryar kuwa uwar yaron ce, ta kawo mana fura da kanta don ta leƙi mai neman ɗiyarta. Na ce wa Kawu Kulu ba ta taɓa gaya mini ba. Ya ce, "Yaushe ka bar ta ta yi magana?"

Mun dawo ko ruwa ba mu sha ba. Na tabbata auren ya mutu. Amma Malam Ɗantani ya aiko cewa ya riga ya ba da, wautar yaro ba za ta sa ya janye ba. Da ya hana ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Garba, yayan Kulu, bai dawo ba. Bayan bikinmu wani abokin aikinsa ya zo Argungu ya shaida musu cewa zazzaɓi ne ya kashe shi a asibitin soja, an yi masa wanka da sallah, an binne shi kamar kowa, shi da kansa yana cikin masu ɗaukar makara. Kowa ya yarda, ban da Inna, surukata.

Na je na durƙusa gabanta, na rantse mata cewa zancen kogin nan ƙarya ce, ni na shirya shi don a ce na san duniya. Ta saurare ni har na gama. Ta ce:

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Na san hankalina kake son kwantarwa. Amma kai mai ilimi ne, gaskiyar ita ce wadda ka hwaɗi da hwarko."

Har ta rasu ba ta sake zuwa bakin gulbi wanki ba, matar masunci guda. Kulu ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in baƙi suka zo aka fara zancen siyasa, takan aiko mini da abinci da wuri, don bakina ya sami aikin yi.

Ra'ayi dai har gobe ina da shi, a kan gwamnati, a kan farashin shinkafa, a kan ƙasashen da ban san inda suke ba. Sai dai yanzu in wani ya tambaye ni me ake ciki a wuri kaza, nakan fara tambayarsa wa yake da shi a can.