Yadda Za Ka Ɓoye Sirrin Budurwa a Wayar Ubanta

Kai jami'in da aka miƙa wa kwamfutar hannu da riga mai tambari, aka turo ka ƙaramin asibiti a gefen Kachia don ka kula da lafiyar matasa, matso kusa. Bi matakan nan daki-daki. Na yi maka alkawari kafin wata uku za a kira ka Kaduna a tafa maka.

1. Fara da allo

Sa a rubuta "Sirrinku Yana Hannunmu" da manyan baƙaƙe, ka rataya a bakin ƙofa. Allon nan shi ne rabin aikin. Shi zai ja irin su Damaris, 'yar shekara goma sha tara mai tsaga citta a kan lada, wadda ta yi wata biyu tana jin kasala ba ta faɗa wa kowa ba. Za ta karanta, ta yarda, ta shigo a ɗebi jininta.

2. Karɓi lamba, ko ta wane ne

Damaris za ta sunkuyar da kai ta ce, "Oga, ni ba ni da waya. Ta Baba ce kawai a gida."

Kada ka tsaya tunani, ba a turo ka tunani ba. Gaya mata kwamfuta ba ta yarda a bar gurbi ba komai. Rubuta lambar Baba Azariya. A wurin masana, lamba lamba ce.

3. Takardar amincewa

Shafi huɗu ce, da Turancin lauyoyi. Nuna mata inda za ta sa hannu. In ta tambayi abin da ke ciki, ce mata kare ta ake yi.

4. Bar na'ura ta yi aikinta

Ranar da sakamako ya fito, saƙo zai tafi da kansa, da cikakken sunanta: an samu ciwon hanta a jininki, ki zo ki ga likita. Baba Azariya kuwa ƙananan rubutu sun fi ƙarfin idonsa. Yana tsaye a wurin shanyar citta, zai miƙa wayar ga Mama Emilia, ɗaya daga cikin masu tsaga cittar, wadda muryarta ke kaiwa bayan coci ba tare da lasifika ba.

"Karanta mini, ko masu taki ne."

Za ta karanta har ƙarshe, tsakanin mata goma sha biyu, Damaris na zaune da wuƙa a hannu. Wannan shi muke kira isar da saƙo.

5. Kada ka leƙa wurin

Matan nan kofi ɗaya suke zagayawa da shi a kan bokitin kunu. Washegari za a ware wa Damaris nata, a ɗaura masa jan zare. Kai ka san ciwon ba ya bin kofi, amma faɗin haka ba ya cikin abin da aka lissafa maka.

6. In ta dawo

Sau ɗaya za ta dawo, idonta jawur, kunya da baƙin ciki sun hana ta zama. Ba likita ta zo gani ba. Roƙonka za ta yi ka goge lambar. Yi fuskar tausayi, ka ce ba ka da izini, bayanan sun riga sun hau sama. Kada ta tambaye ka saman ina, don kai ma ba ka sani ba. Kada kuma ka ambata cewa duk Litinin wayar Baba za ta sake kukan tunatarwa.

7. Rubuta rahoto

Saƙo ɗari, ɗari sun isa. Sa shi da koren launi. Cewa 'yan matan unguwar sun daina bi ta ƙofar asibitin, wannan alama ce ta cewa sun samu lafiya.

Sanarwa: mai wannan jagora ba ruwansa da abin da ya biyo baya, shawara kawai ya bayar. Duk mai ƙorafi ya cike fom, ya bar lambar wayar gidansu. Mai neman Damaris kuwa ba zai same ta a layin likita ba. Tana can ƙarshen shanya ita kaɗai, da kofinta mai jan zare, kuma yau Litinin ce.